Thomas Fowell Buxton: mai kamfanin giya da ya yaƙi bauta, ya kuma turo jirage Lakwaja

Duk wanda ya riƙe takardar fam 5 ta Ingila tsakanin 2002 da 2017 ya ga wannan mutumin ko da bai san shi ba. Babban hoton da ke bayan takardar na wata mata ce, Elizabeth Fry, amma a gefe cikin mutanen da ke tsaye ana karatu a kurkuku akwai wani dogo mai tabarau. To shi ne Sir Thomas Fowell Buxton, mijin ƙanwarta. Ɗan majalisa ne na shekara 19, mai hannun jari a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin giya na Landan, mai gonaki a Norfolk, kuma shi ya ja ragamar dokar da ta soke bauta a mafi yawan ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Sannan shi ne ya matsa har gwamnatinsu ta turo jirage uku kogin Kwara a 1841, suka zo suka sayi fili a inda Lakwaja take yanzu. Wannan na ƙarshen shi ya sa na ga labarinsa ya shafe mu, amma sai an fara gane irin gidan da ya fito tukuna.

Wannan "Sir" ɗin da ke gaban sunansa na sarautar baronet ne, kuma mutane na yawan rikita ta da sauran. A Ingila akwai masu Lord, su ne manyan, a wancan zamanin kujerarsu a majalisar dattawa gado ce. Akwai kuma masu Sir na lambar yabo, wanda in mutum ya mutu sarautarsa ta bi shi kabari. Baronet yana tsakiya: ana ce masa Sir, babban ɗansa namiji ya gada, amma ba shi da kujera a majalisar dattawa, in yana son siyasa sai ya je ya nemi ƙuri'a a majalisar wakilai kamar kowa. Asalinta ma kuɗi ne tsagwaronsa. Sarki James na ɗaya ne ya ƙirƙiro ta a 1611 lokacin da baitulmali ya bushe, duk mai gona mai asali da zai iya biyan fam 1,095, wato kuɗin riƙe soja 30 na shekara uku a yankin Ulster na Ireland, sai a naɗa shi. Daga baya aka daina sayarwa a fili ta koma abin da gwamnati ke saka wa nata da shi. Shi Buxton bai gaje ta ba, sai a 1840 aka ba shi, saura shekara biyar ya mutu, duk manyan ayyukansa a majalisa ya yi su ne yana Mista Buxton kawai. Ƙarfinsa daga wani wuri ya fito.

An haife shi 1 ga Afrilu 1786 a Castle Hedingham cikin yankin Essex. Ubansa mai gona ne mai faɗa a ji a yankin, ya rasu yaron yana ɗan shekara shida, sai uwar, Anna Hanbury, ta riƙe su. Ita 'yar ɗarikar Quaker ce, wasu Kiristoci da ba su da fada a cocinsu, ba sa rantsuwa, ba sa yaƙi, kuma tun da wuri suka tsani bauta. Amma 'ya'yanta maza ta bar su a cocin Ingila na ubansu, kuma ku riƙe wannan don zai yi amfani nan gaba. Yaron bai damu da boko ba da farko, farauta da kamun kifi da hawan doki su ne aikinsa, babban malaminsa a lokacin wani mai gadin dajin gidansu ne da ko karatu bai iya ba. Ya yi tsawo har ya kai ƙafa shida da inci huɗu, abokansa suna masa laƙabi da giwa.

Abin da ya juya shi ziyara ce da ya kai gidan Gurney a Earlham kusa da Norwich yana matashi. Gidan Gurney masu banki ne, Quaker su ma, gida cike da 'yan mata masu karatu da surutu. Ya ga Hannah ya ƙyasa, ya kuma ga cewa in bai yi karatu ba a gidan nan kunya zai sha, sai ya tafi jami'ar Trinity a Dublin ya dage ya fito da sakamako mai kyau, ya auri Hannah a 1807. Ku duba surukan da ya samu da aure ɗaya: Elizabeth Fry mai gyaran kurkuku, Joseph John Gurney malamin ɗarikar kuma mai banki, Samuel Gurney wanda bankunan Landan kansu ke zuwa wajensa neman kuɗi, ga kuma Samuel Hoare, wani mai bankin, da ya auri wata 'yar gidan. Bankin Gurney ɗin nan yana cikin waɗanda aka haɗe a 1896 aka yi Barclays. Ta ɓangaren uwa kuma kawunnansa Hanbury suna da kamfanin giya na Truman a Brick Lane, can ya shiga aiki a 1808, ya zama abokin tarayya a 1811, har aka ƙara sunansa a jikin kamfanin.

Na san mai karatu zai ce to mutumin kirki da sayar da giya? A wurinsu a lokacin ba a ganin haka, giyar sha'ir abin sha ce ta ma'aikata ta kullum, barasa mai ƙarfi irin wadda Turawa ke kira "gin" ita ake ganin tana kashe gida, don haka masu addini da yawa sun riƙe kamfanonin giya ba tare da sun ji komai ba. Ko ma dai me mutum zai ce, kuɗin nan ne ya ba shi damar zama a majalisa, don a lokacin ɗan majalisa ba shi da albashi ko sisi, sai a 1911 aka fara biya. A kamfanin ma halinsa ya fito. Ya ɗauko malami ya ce wa leburori yana ba su mako shida, wanda bai iya karatu da rubutu ba a bakin aikinsa. Taimako ne, amma irin na mutumin da ya riga ya yanke abin da ya dace da kai bai tambaye ka ba, kuma haka ya yi har ƙarshen rayuwarsa.

Unguwar da kamfanin yake, Spitalfields, ta masaƙa ce, kuma bayan yaƙin Napoleon yunwa ta kama su sosai. A 1816 ya yi wani jawabi a gidan magajin garin Landan aka tara sama da fam 40,000 don su, daga nan sunansa ya fita, William Wilberforce, ɗan majalisar da ke jagorantar yaƙi da bauta, ya rubuto masa wasiƙa. A 1818 ya ci kujerar Weymouth da Melcombe Regis, wani gari a bakin teku a Dorset inda danginsa ke da gida mai suna Belfield.

Zaɓen wancan lokaci sai an yi bayani. Babu ƙuri'ar sirri, sai a 1872 aka kawo ta, mutum zai hau dandamali ya faɗi wanda ya zaɓa da bakinsa, mai gidan da yake haya da mai gonar da yake nomawa suna tsaye suna ji. Mata ba sa zaɓe, yawancin maza ma ba sa yi. Ƙaramin gari kamar Weymouth yana tura wakilai huɗu, alhali Manchester da duk masaƙunta ba ta da wakili nata ko ɗaya kafin 1832. Kuma 'yan Quaker ba sa iya zama a majalisa saboda sai an yi rantsuwa, su kuma ba sa yi, sai a 1833 aka bar na farkonsu ya shiga. Kun ga amfanin barin Buxton a cocin Ingila kenan. Gidan Gurney suna da kuɗi da jama'a da aƙida, abin da ba su da shi baki ne a majalisa, sai ga suruki ya zame musu bakin.

Da farko maganar kurkuku da hukuncin kisa ya riƙe, a lokacin laifukan da ake rataye mutum a kansu sun haura 200, har da ƙananan sace-sace. Ya yi magana kan ƙona matan da mazansu suka mutu a Indiya. Shi ya shugabanci taron 1824 da aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi wadda ta zama RSPCA, ga shi kuma maharbin tsuntsaye ne na gani kashe ni, Turawa dai da abinsu. A 1820 kuma musiba ta faɗa gidansa, 'ya'yansa huɗu suka mutu cikin mako biyar, babban ɗansa namiji na ciki. Bayan wannan ne suka bar Hampstead suka koma Norfolk, Cromer da farko, daga baya Northrepps, ya riƙa sayen ƙasa a wajen Runton da Trimingham yana dasa itatuwa. Haka tsarin yake a Ingila, kuɗin ciniki sai an binne shi a gona kafin a ɗauke ka cikakken mutum.

Yanzu ga babbar maganar. Mutane da yawa suna ɗauka Birtaniya ta soke bauta a 1807. Abin da aka hana a 1807 fataucin bayi ne a jiragen Birtaniya, waɗanda aka riga aka kai Jamaika da Barbados da sauran wuraren suna nan a gonakin rake, 'ya'yansu ma a bayi ake haifarsu, mutum wajen 800,000. Wilberforce ya tsufa ga ciwo, sai ya roƙi Buxton ya karɓi tutar. A Mayun 1823 Buxton ya tashi a majalisa ya nemi a soke bautar a hankali, a fara da 'yanta duk jaririn da za a haifa. Minista George Canning ya yi masa dabarar 'yan siyasa, ya ce gwamnati ta yarda da manufar amma a bari a fara gyara halin da bayin ke ciki, kuma majalisun masu gonakin ne za su yi gyaran. An ba kura ajiyar nama kenan. Shekara kusan goma aka yi ana wannan jan ƙafa, kuma da bayi suka yi bore a Demerara, cikin ƙasar Guyana ta yanzu, a 1823 shi aka ɗora wa laifi, aka ce surutunsa ne ya zuga su.

Buxton ba gwanin magana ba ne irin Wilberforce, makaminsa lissafi ne. Ya ɗauko rajistar bayi ta gwamnati da kanta ya nuna cewa a tsibiran da ake noman rake yawan bayi raguwa yake yi, mutuwa ta fi haihuwa, alhali ko'ina a duniya in mutane suna ci suna ƙoshi ƙaruwa suke. Masu gonaki suna cewa bayinsu sun fi leburan Ingila jin daɗi, shi kuma ya ce to me ke kashe su? Kuma a nan ne ake yawan mantawa da matan gidan. 'Yarsa Priscilla ita ce sakatariyarsa, ita ke tattara takardu da shirya masa jawabi. Anna Gurney, 'yar uwar matarsa, wadda ta rayu a keken guragu tun tana ƙarama kuma ta san harsuna da yawa, tana wani ƙaramin gida a Northrepps tare da ƙanwarsa Sarah, su ke tace rahotanni suna fitar masa da alƙaluma. A 1833 mata suka kawo takardar koke mai sa hannu kusan 187,000, sai da mutum huɗu suka ɗauke ta zuwa teburin majalisa.

Amma gaskiya abu biyu ne suka karya ƙofar, kuma duk ba shi ya yi su ba. Na farko boren Jamaika na Kirsimetin 1831 ƙarƙashin Samuel Sharpe, bayi dubbai suka ajiye aiki aka ƙona gonaki, Turawa suka rama da kisan ɗaruruwa har da rushe cocin mishan, labarin ya dawo Ingila ya tayar da hankalin masu zuwa coci. Na biyu gyaran dokar zaɓe na 1832 wanda ya share ruɓaɓɓun kujerun da masu rake ke saye. Aikin Buxton shi ne ya ƙi sakin wuyan gwamnatin firaminista Lord Grey, duk da abokansa ne, don a 1831 ma ya gayyaci Grey da ministocinsa cikin kamfanin giyar aka gasa musu nama a wutar tukunyar dahuwa suka ci. Da suka roƙe shi ya janye ƙudurinsa a 1832 don kar ya kunyata su, ya ƙi, ya sa aka kaɗa ƙuri'a, ya faɗi, amma yawan waɗanda suka bi shi ya nuna wa gwamnati iska ta juya.

Dokar ta samu sa hannun sarki ranar 28 ga Agusta 1833, wata ɗaya bayan mutuwar Wilberforce. Sai dai ku ji abin da ke cikinta. An ware fam miliyan 20 diyya, wajen kashi 40 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa a shekara, kuma masu bayin aka biya, bawa ko kwabo bai samu ba. Bashi aka ciwo, kuma sai a 2015 aka gama biyan ragowar takardun bashin da aka cuɗa shi a ciki. Sannan in ban da yara 'yan ƙasa da shekara shida, sauran an ce sai sun zauna suna yi wa tsohon ubangidansu aiki kyauta da sunan koyon sana'a, mutumin da aka haifa a gonar rake wai za a koya masa yankan rake. Gwamnati ta so shekara 12, Buxton ya ja aka rage zuwa shida ga na gona da huɗu ga na gida. Diyyar kuwa ya goyi baya, ya nemi a riƙe rabin kuɗin sai an saki mutanen gaba ɗaya, aka ƙi. Masu zafi a cikin tafiyar irin su Joseph Sturge sun ga kamar ya sayar da su. Ni a ganina lissafinsa na majalisa daidai ne, ba don kuɗin ba majalisar dattawa ba za ta bari dokar ta wuce ba, amma shi kansa mai dukiya ne cikin masu dukiya, maganar cewa ba a taɓa kayan mutum sai an biya shi ba ta yi masa ɗaci a baki kamar yadda ya kamata ba. Koyon sana'ar ma Sturge da mutanensa ne suka tayar da ƙura har aka kashe shi a 1838. Ranar da dokar ta fara aiki, 1 ga Agusta 1834, ita Priscilla ta zaɓa aka ɗaura mata aure da wani ɗan majalisa Andrew Johnston.

A zaɓen 1837 Weymouth ta kayar da shi. Ya faɗa da kansa cewa magoya bayansa sun ce in yana son kujerar sai ya buɗe mashaya ya raba kuɗi da sunan rance, ya ce ba zai yi ba. Mai kamfanin giya ya rasa kujera don ya ƙi sayen giya, abin dariya abin tausayi.

Da ya zauna a gida sai ya koma lissafi, ya ga duk da jiragen yaƙin Birtaniya da ke sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma, bayin da ake kai wa Brazil da Kuba ba su ragu ba. Sai ya rubuta littafi kan fataucin bayi da maganinsa a 1839 da 1840. Maganin nasa shi ne a shiga cikin ƙasa a je tushen, a ƙulla yarjejeniya da sarakuna su daina sayar da mutane, a nuna musu auduga da manja sun fi riba, a kafa gonakin gwaji, mishan su biyo baya da Baibul da garma. Ranar 1 ga Yuni 1840 aka yi gagarumin taro a zauren Exeter Hall da ke Landan, Yarima Albert mijin Sarauniya Victoria ya shugabanta, a cikin 'yan kallo akwai wani ɗalibin likita da ba wanda ya sani mai suna David Livingstone, wanda daga baya ya yi suna wajen mishan da yawon binciken Afirka. A shekarar aka naɗa Buxton baronet.

Jiragen ƙarfe uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, suka shigo bakin Kwara a Agustan 1841 ƙarƙashin Kyaftin Trotter. Suka yi yarjejeniya da Obi Ossai na Aboh, suka yi da Attah na Igala a Idah, wanda ya sayar musu da fili a mahaɗar Kwara da Binuwai aka biya da kuɗin wuri, aka sauke kayan gona. Daga nan zazzaɓi ya fara. Ba su san sauro ne ba, sun ɗauka mugun iskan fadama ne, har wasu na'urorin tace iska aka saka a jiragen. Soudan ta juya da marasa lafiya, Wilberforce ta bi ta, Albert kaɗai ta lallaɓa har Egga a ƙasar Nufe ba ta kai Rabba da aka nufa ba, da za ta dawo ma likita ne da wani masanin duwatsu suka tuƙo ta, ɗaya yana duba littafi yana kunna inji. Cikin Turawa wajen 150, sama da 40 suka mutu. Baƙaƙen fatan da aka ɗauko daga Saliyo su zazzaɓin bai yi musu wannan ɓarnar ba. Gonar ba ta yi shekara guda cikakkiya tana aiki ba aka kwashe.

Ku lura mutumin da ya tsara duk wannan bai taɓa taka Afirka ba. Daga Norfolk ya zauna da taswira da rahotannin matafiya ya yanke cewa sarakunan da bai san sunansu ba za su bar abin da tattalin arzikinsu ya ginu a kai saboda takarda da 'yan kyaututtuka. Kuma kar mu yi wa kanmu ƙarya, bautar tana nan a ƙasashenmu a lokacin, a Nufe da cikin daular Sakkwato, rinji da kasuwar bayi ba ƙagen Bature ba ne. Jaridun Ingila suka yi masa ca, ƙungiyarsa ta watse a 1843, jikinsa da ma ba ƙwari, ya rasu 19 ga Fabrairu 1845 a Northrepps yana da shekara 58.

Tafiyar da aka kira asara ta bar abubuwa a baya. A cikin jirgin akwai Samuel Ajayi Crowther, bawan da aka 'yanto, wanda ya zama bishop a 1864. Akwai kuma wani fada Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya fara koyon Hausa wajen 'yantattun bayi a Saliyo saboda wannan tafiyar, ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya zauna da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya kai Turai, ya fitar da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876. Wani zare na rubutun bokon da nake yi yanzu daga can ya taso. A 1854 Dokta Baikie ya sake hawa kogin yana ba mutanensa kwinin kullum, ba wanda ya mutu, daga baya ya zauna a Lakwaja. 'Yan kasuwa suka biyo, kamfanin cinikin Neja na George Goldie ya biyo da tarin takardun yarjejeniya da sarakuna, kuma a Lakwajar nan Lugard ya ɗaga tutar Birtaniya ranar 1 ga Janairu 1900. Da zai tafi Kano da Sakkwato a 1903, hana farautar bayi na cikin manyan hujjojin da ya bayar. Ba na ce Buxton ya shirya mulkin mallaka ba, mutumin ma ya shugabanci kwamitin majalisa daga 1835 zuwa 1837 da ya tona irin ƙwacen ƙasa da kisan da Turawa 'yan kaka-gida ke yi a Afirka ta Kudu da Ostareliya. Amma hujjar shiga ƙasar mutane don a gyara su, shi ya wanke ta ya goge, waɗanda suka zo da bindiga mai ruwa suka same ta a shirye.

Gidan kuwa bai yi asarar komai ba. Ɗansa Edward ya gaji sarautar ya shiga majalisa. Wani ɗan, Charles, shi ma ɗan majalisa, ya gina maɓuɓɓugar tunawa da soke bauta wadda yanzu take a lambun da ke gefen majalisar a Landan. Jikansa, baronet na uku mai sunansa, ya yi gwamnan Kudancin Ostareliya daga 1895 zuwa 1899. Wani jikan, Sydney Buxton, ya yi gwamna janar na Afirka ta Kudu daga 1914 zuwa 1920, shekara ɗaya bayan dokar 1913 da ta hana baƙaƙen ƙasar mallakar mafi yawan ƙasarsu, ya kuma dawo gida aka ɗaga shi zuwa Earl, wani babban matsayi cikin masu Lord.